Mutum ne a cikin rigar Godzilla, to sai me?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai tun daren jiya, na ce bari in kawo ta nan. Ina zaune ina kallon fim ɗin Godzilla na farko, ƙaton dodon nan na Japan, na 1954, mai baƙi da fari, sai ɗan yayata ya shigo. Bai yi minti biyu ba ya ce, "Kawu, ai wannan mutum ne a cikin rigar roba, gidajen kuma na kwali ne." Ya fice abinsa. Wallahi na ji zafin maganar. Ba ƙarya ya yi ba, mutum ne a ciki. Abin da ya dame ni shi ne yadda ya faɗe ta kamar wanda ya kama ɓarawo, alhali wannan ɗin ne ya sa nake ganin girman fim ɗin. Mutane sun zauna sun gina birnin Tokyo da hannunsu, titi-titi, taga-taga, sannan suka sa ɗan'uwansu ya tattake shi. To ku gaya mini tsakani da Allah: dodon da aka yi da hannu ya fi wanda aka zana da kwamfuta, ko sabo ne ya rufe mini ido?

Auta: Wa alaikumus salam Yaya. Ka yi haƙuri, ni ina bayan yaron. Aikina ke nan, tace bidiyo nake yi kullum, kuma na san abin da ido yake karɓa da wanda ba ya karɓa. Dodon roba gwiwarsa gwiwar mutum ce, tafiyarsa tafiyar mutum ce, wuyansa yana lanƙwashewa kamar tayar da ta yi faci. A zamaninsu sun yi ƙoƙari, ban musa ba. Amma a ce ya fi na yanzu? A'a Yaya. Da Japanawan nan suna da kwamfuta a 1954, da ba wanda zai shiga cikin roba.

Maman Sadiq: Ni tambayata ta tela ce. Da me suka ɗinka rigar? Kuma ta ina mutumin yake gani?

Injiniya: Anti, ba ɗinki ba ne irin namu, gini ne. Sun yi ƙashin rigar da gora da ragar waya, suka cusa abin da zai cika ta, sannan suka yi ta shafa roba a kai falle bisa falle. Ta farko da suka gama ta yi tauri har mutum ba ya iya motsi a ciki, sai suka raba ta biyu, suna amfani da rabin ƙasa idan ƙafafu kawai za a nuna. Nauyin rigar ya kai kilo 100, wato buhu biyu na siminti. Kan mutumin kuma ba a cikin kan dodon yake ba, a wuya yake. An huda 'yan ƙananan ramuka a wuyan, ta nan yake leƙe, ta nan yake shaƙar iska. Wutsiyar ma ba shi yake juya ta ba, waya ce aka ɗaura mata, wasu suna ja daga sama.

Maman Sadiq: Innalillahi. Buhu biyu na siminti, kuma babu iska. Ni da nake ɗinka rigar amarya mai duwatsu, wadda ba ta wuce kilo biyar ba, yarinya ta sa ta na awa biyu ta dawo tana kukan kafaɗa. Wane bawan Allah ne wannan?

Injiniya: Sunansa Haruo Nakajima. Shi ne ya fi kowa ɗaukar wannan wahala, daga 1954 har 1972, finafinan Godzilla 12. A fim na farko 'yan mintuna kaɗan yake iya yi a ciki sai a zaro shi, a tsiyaye gumin da ya taru a ƙafafun rigar. Kuma ba shiga kawai ya yi yana tafiya ba. Gidan namun daji na Ueno da ke Tokyo ya riƙa zuwa yana zama yana kallon yadda giwa take ɗaga ƙafa da yadda manyan dabbobi suke juya jiki. Ya rasu a 2017.

Auta, maganarka ta kwamfuta akwai gaskiya a ciki ta wata fuskar. Shi kansa Eiji Tsuburaya, wanda ya jagoranci dabarun fim ɗin a kamfanin Toho, ba rigar roba ya so ba da farko. Fim ɗin King Kong na Amurka na 1933 ne ya burge shi, inda ake yin ɗan ƙaramin mutum-mutumi a motsa shi kaɗan, a ɗauki hoto, a sake motsa shi, a sake ɗauka. Da ya lissafa sai ya ga da ma'aikatan da yake da su aikin zai ci shekaru, su kuma 'yan watanni aka ba su. Rashin lokaci ne ya haifi rigar. Amma daga wannan larura suka gina sana'a sukutum, ta dabarun fim da riguna da ƙananan gine-gine, wadda suke kira tokusatsu.

Auta: To ai ka ga ni. Larura ce. Ba zaɓi ba ne.

Kawu na Jos: Ɗana, kilishi ma larura ce ta kawo shi, rashin inda za a ajiye nama. Yau ga firij a ko'ina, an daina cin kilishi? Ni na ga irin waɗannan finafinai a silima ina saurayi, a kan babban allo, cikin dare, ba a kan waya ba. Lokacin da dodon ya ɗaga kai ta bayan tudu, ba wanda ya tsaya tunanin roba. Girman allo da ƙarar lasifika suna cikin aikin. Ku kuna kallo a tafin hannu, kuna tsayarwa, kuna zuƙowa da yatsa kuna neman zif. Ba haka aka yi shi don a kalla ba.

Injiniya: Allah ya ƙara lafiya Kawu. Bari in ɗora da abin da ya fi burge ni, don a nan ne ilimin yake, ba a robar ba.

An ce tsawon Godzilla na farko mita 50 ne. Mutum a cikin riga bai wuce mita biyu ba. Saboda haka aka gina birnin a kan ma'aunin ɗaya bisa 25: duk abin da yake mita 25 a zahiri, mita ɗaya ne a ɗakin ɗaukar fim. To ga matsalar. Ka saki dutse daga saman bene mai mita 50, zai yi sakan uku da ɗoriya kafin ya taɓa ƙasa. Ka sake shi daga mita biyu, bai kai sakan ɗaya ba ya faɗo. Idonmu ya san wannan ko ba mu taɓa shiga aji ba. Da zarar ka ga gini ya rushe farat ɗaya, zuciyarka ta gaya maka ƙarami ne. Maganin shi ne a gudu da kyamara. Fim ana haska shi hoto 24 a sakan guda. Idan ka ɗauka da sauri fiye da haka, sannan ka haska a 24, komai zai yi nauyi, ya riƙa faɗowa a hankali. Lissafin ɗaya bisa 25 yana ba ka ninki biyar, wato hoto 120 a sakan.

Amma kyamarar da take gudu haka tana shan haske sosai, dole a ƙara manyan fitilu, fitilun nan kuma wuta ce. Kun ga inda zafin cikin rigar ya samo asali. Shi kuma na ciki dole ya riƙa motsi da sauri, da kilo 100 a jikinsa, don idan an rage gudun ya fito kamar tafiyar ƙasaita.

Gidajen kuma ba kwali ba ne yadda yaron ya ce. Katako ne da farar ƙasa da gilashi, a sa musu rufi ɗaya bayan ɗaya, a raunana wasu wurare tun wajen gini don su karye ta inda ake so. Turakun wutar lantarkin da aka nuna suna narkewa idan dodon ya hura musu numfashi, da kakin zuma aka yi su, aka shafa fenti, aka haska musu fitila mai zafi suka lanƙwashe. Kuma in an rushe an rushe. Mai rigar ya yi tuntuɓe, aikin makonni ya tafi.

Baban Hanifa: Wannan na ƙarshen shi ne abin da na kasa gaya wa yaron. In an rushe an rushe. Ina jin wannan fargabar a cikin hoton.

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Ni tun ɗazu ina karantawa. Kukan dodon fa? Tun ina lakwal na fara jinsa a tele, har yau ban ji dabbar da take irinsa ba.

Injiniya: Ba dabba ba ce Malam. Sun gwada kukan dabbobi bai yi ba. Mai kiɗan fim ɗin, Akira Ifukube, shi ya kawo shawarar a yi amfani da babbar gogen nan ta Turawa wadda ake tsayar da ita a ƙasa. Aka shafa ƙaro a safar hannu ta fata, aka ja ta a kan tsirkiyoyin, sannan aka rage gudun sautin.

Malama ta Zariya: Ku ba ni dama in shigo, don ina ganin ana ta maganar riga an bar abin da ke cikinta. Ni tarihi nake koyarwa, kuma duk shekara idan muka zo yaƙin duniya na biyu sai na ambaci wannan fim.

Ku duba shekarar. 1954, shekara tara kacal bayan jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, kuma bayan ruwan bama-baman da ya ƙone Tokyo a watan Maris na 1945. Sannan a ranar 1 ga Maris 1954 Amurka ta gwada bam ɗin haidurojin a tsibirin Bikini da ke tekun Fasifik. Wani jirgin kamun kifi na Japan, Daigo Fukuryu Maru, yana yankin da mutum 23 a ciki. Toka fara ta yi ta zubo musu, ba su san mece ce ba. Suka dawo gida da ciwo, mai kula da rediyon jirgin, Aikichi Kuboyama, ya rasu a watan Satumba. Mutane suka tsorata da cin kifi, a ƙasar da kifi ne cimarta. Fim ɗin ya fito a watan Nuwamba na shekarar, kuma da me ya buɗe? Da jirgin ruwa a teku, haske ya tashi, jirgi ya kama da wuta. Babu ɗan Japan ɗin da ya buƙaci a yi masa fassara.

Daraktan, Ishiro Honda, soja ne da aka tura China, kuma a hanyarsa ta komawa gida ya ratsa ta Hiroshima. Shi kuwa Tsuburaya a lokacin yaƙi ya goge a sana'ar, yana gina ƙananan jirage da tashoshin ruwa don finafinan gwamnati, har da kwaikwayon harin Pearl Harbor a 1942, abin da ya jawo aka raba shi da aiki na wani lokaci bayan yaƙin. Wato mutanen da suka gina ƙaramin Tokyo suka cinna masa wuta, sun ga babban Tokyo yana ci da idonsu. Masu kallo ma haka.

Akwai wurin da aka nuna wata uwa ta rungume 'ya'yanta a gefen titi, wuta ta kewaye su, tana lallashinsu da cewa sun kusa zuwa wajen babansu. Akwai asibiti cike da mutane a ƙasa, likita yana kara na'urar auna guba a jikin yaro. Ban taɓa nuna wa ɗalibai wannan wurin wani ya yi maganar roba ba.

Auta: Malama, wannan ban san shi ba, kuma ya taɓa ni. Amma da girmamawa, abin da kika kawo ƙarfin labari ne, ba ƙarfin riga ba. Da labarin nan za a yi shi da kwamfuta, da ya fi ma tsoratarwa.

Malama ta Zariya: Ban raba su ba ƙanena. Baƙi da fari, da dare, da hayaƙi na gaske, da wuta ta gaske tana cin katako na gaske, su ne suka sa hoton ya yi kama da labaran yaƙi da mutanen suka saba gani. Dabarar da labarin tare suke tafiya.

Ɗan Damagaram: Malama ta tuna mini wani abu. Mu ma nan ba baƙin wannan magana ba ne. Faransa ta tayar da bam ɗinta na nukiliya na farko a Reggane, cikin Saharar Aljeriya, ranar 13 ga Fabrairu 1960, kuma iskar hunturu daga can take busowa ta kanmu. Ku a Nijeriya gwamnatin Tafawa Ɓalewa har ta yanke hulɗa da Faransa a farkon 1961 a kan waɗannan gwaje-gwaje. Ga kuma yuraniyom da ake haƙa a Arlit, nan Nijar. Da na gane asalin Godzilla sai na daina kallonsa a matsayin wasan yara.

Malama ta Zariya: Haka ne Malam. Kuma ka lura, lokacin da fim ɗin ya shiga Amurka a 1956 sai da aka yanke shi aka sake jera shi, aka cusa ɗan wasansu Raymond Burr a matsayin ɗan jarida, aka rage maganar bam. Da Amurkawa suka zo yin nasu Godzilla a 1998 kuma, gwajin Faransa suka ɗora wa laifin samuwar dodon.

Auta: To bari in kawo nawa, don kada a ce duk abin da aka yi da roba zinariya ne. Kun ga na shekarun 1960 da 1970? Godzilla yana tsalle yana rawa a 1965. A 1971 ya tashi sama da numfashinsa kamar roka. Ana ganin wayoyi, ana maimaita tsofaffin hotuna daga finafinan baya saboda babu kuɗi, birnin ma aka daina ginawa, sai fili da duwatsu. Wannan shi ne abin da yawancin mutane suka sani, kuma shi ya sa yaron ya raina. Yaya, ka yarda da wannan?

Baban Hanifa: Na yarda Auta. Akwai waɗanda ni ma ba na iya gamawa. Talabijin ta janye masu kallo, kuɗi ya ragu, aka koma neman yara, Tsuburaya kuma ya rasu a 1970. A 1975 Toho suka dakata da finafinan Godzilla gaba ɗaya sai 1984. Amma ko a wannan zangon akwai aiki. Dubi dodon nan Ghidorah na 1964, kai uku, wutsiya biyu, fukafukai biyu, ba hannu. Mutum ɗaya a ciki, tarin mutane a sama kowa da wayarsa, dole su haɗa numfashi kamar masu tuƙa kwalekwale, in ba haka ba wuyoyin su sarƙe.

Kawu na Jos: Kuma yaran da ake nema ɗin ai an same su. Shirin talabijin na Ultraman na 1966 daga kamfanin Tsuburaya ya fito. Wannan Power Rangers da 'ya'yana suka hana ni sakat da shi a shekarun 1990, wuraren faɗan da manyan dodanni daga wani shirin Japan aka ɗebo su, Amurkawa suka haɗa da 'yan wasansu. Duk jikokin rigar nan ne.

Injiniya: Akwai inda hannu ya gaza, in faɗi gaskiya. Ruwa da wuta ba sa ƙanƙancewa. Ka gina jirgi ɗan mita biyu da kyau yadda kake so, ɗigon ruwan da zai fantsamo a jikinsa girmansa na ɗigon ruwa ne, nan take asiri ya tonu. Shi ya sa Toho suka haƙa ƙaton tafki a harabarsu a 1960, don ko raƙuman ruwan su samu fili. A 2004 suka rushe shi. Sannan da gine-ginen Tokyo suka yi tsawo, dole aka ƙara wa dodon tsawo, mita 80 a 1984, mita 100 a 1991. Mutumin ciki dai bai ƙara tsawo ba, saboda haka gidajen ne suka ƙara ƙanƙancewa, ƙawarsu ta ragu. Wanda ya fi iya magance wannan a ganina shi ne mai dabarun hoto Shinji Higuchi a finafinan Gamera, ƙaton kunkurun nan, daga 1995 zuwa 1999. Ya fitar da ƙananan gine-ginen waje ƙarƙashin rana ta gaske, ya kwantar da kyamara ƙasa daidai idon mai tafiya a titi, ya sa turakun waya da allunan talla a gaba. Auta, ka nemi waɗannan ka kalla kafin ka yanke hukunci.

Auta: Zan nema. Amma ga hujjata ta ƙarshe, kuma daga Japan ɗin take. Godzilla Minus One na 2023, na darakta Takashi Yamazaki. Dodon gaba ɗaya kwamfuta ne. Mutum 35 ne suka yi aikin, wurare 610 a cikin fim ɗin, da kuɗin da bai kama ƙafar abin da Amurkawa suke kashewa ba. A watan Maris 2024 suka ɗauki kyautar Oscar ta dabarun hoto. Shekara 70 ana yin Godzilla, rigar roba ba ta taɓa kawo wannan kyauta ba. Kuma ruwan da Injiniya ya ce ya gagari hannu, ku je ku ga yadda dodon yake bin ƙaramin jirgi a teku a fim ɗin.

Baban Hanifa: Na kalle shi sau uku, kuma na yi hawaye. Ba ni da ja a kansa. Amma ka kalli surar dodon da kyau: tsaye yake a kan ƙafa biyu, cinyoyi manya, ƙirji a gaba, tafiya ɗaya-ɗaya. Kwamfuta tana iya zana kowace irin halitta, me ya sa suka zana wadda mutum zai iya shiga cikinta? Amurkawa a 1998 sun yi nasu siriri mai gudu kamar ƙadangare, masoya suka ƙi shi. A fim ɗin da ake kira Shin Godzilla na 2016 ma kwamfuta ce, amma sai da suka ɗauko Mansai Nomura, ɗan wasan gargajiyar Japan, suka naɗi motsin jikinsa suka ɗora wa dodon. Har yau akwai mutum a ciki Auta. Rigar ce kawai ta canza.

Auta: Wannan kam ka kama ni a wani wuri. Amma ban sauka daga kan cewa kayan aikin yau sun fi ba.

Abin da yake ci mini rai dai shi ne a nan gida ba mu riƙe ko ɗaya ba. Kwanaki wani mai shirya fim ya kawo mini aiki, wai aljani zai fito daga rijiya ya rushe katanga. Ya ba ni kwana biyu. Babu wanda ya auna haske a wajen ɗauka, babu wanda ya yi tunanin inda inuwa za ta faɗi, an ɗauka kawai an ce kwamfuta za ta gyara. Na yi iya yina, abin ya fito kamar an manna takarda. Har yau idan na tuna raina yana ɓaci, don da an ba ni mako biyu kuma an kira ni tun ranar ɗauka, da ba haka ba.

Maman Sadiq: To me ya hana a gina katangar ƙarama a rushe ta da gaske? Muna da magina, muna da masu sassaƙa, muna da dukawa. Yaran unguwarmu suna ƙera mota da kara da gwangwanin madara har da ƙofa mai buɗewa. Lokacin tashe kuma ba irin shigar da ba sa yi da tsumma da auduga. Rigar dodo in an kawo mini soso da yadi mai kauri zan gwada, amma zan bar wa mutum inda zai sha iska a baya, ba zan yi irin ta Nakajima ba.

Kawu na Jos: Dodo ma ai namu ne tun a tatsuniya, mai haɗiye gari da mutanensa da shanunsa. Ba mu rasa labari ba.

Injiniya: Auta, wayarka tana ɗaukar hoto 120 ko 240 a sakan? In tana yi, kana riƙe da abin da Tsuburaya ya sha wahala kafin ya samu. Gwada wannan: katanga mai tsawon taƙi biyu, ƙananan tubala na laka busassu, kada ka sa musu abin riƙewa sosai. Barbaɗa toka ko garin farar ƙasa a tsakaninsu don ƙura. Wayar a ƙasa, tana kallon sama kaɗan. Ka ɗauka da hantsi ko da la'asar, rana tana bugowa ta gefe.

Baban Hanifa: Jama'a, na dawo da labari bayan kwana huɗu. Na karanta wa ɗan yayata abin da Injiniya ya rubuta, bai ce komai ba. Shekaranjiya na dawo daga kasuwa na tarar da shi a bayan gida da ƙannensa biyu, sun kwaɓa laka, suna zuba ta a kwalin ashana suna fitar da tubala, sun jera su a rana sun fi ɗari biyu. Jiya da la'asar suka gina katanga da ɗan soro, har da zanko a kusurwa, suka kafa tsinken tsintsiya suka ja zare a matsayin wayar lantarki. Ya sa takalmin ruwa na babansa, ya naɗe shi da buhu ya shafa masa laka. Ni na riƙe wayar, ina kwance rubda ciki a ƙasa.

Ɗauka ta farko ba ta yi ba, ya taka a hankali, katangar ta kwanta gaba ɗaya kamar faifai. Suka sake gini, kusan awa ɗaya, wannan karon suka bar tsaga a tsakiya kuma suka cika toka. Ya taka da ƙarfi. Da muka kunna a hankali, sai ga ƙafa tana saukowa, soron ya tsage biyu, tubala suna juyawa a iska ɗaya bayan ɗaya, ƙura ta tashi ta rufe rana, zaren ya tsinke ya yi lilo. Ƙaramar cikinsu ta ja baya ta riƙe rigata. Shi kuwa ya karɓi wayar ya maimaita ya fi sau goma.

Auta: Yaya turo mini shi yadda yake, kada ka tura ta inda za a matse shi. Zan goge ƙafarsa ta biyu in ta fito, in sa sama da hayaƙi a baya, in nemi mai goge a unguwarmu mu gwada kukan.

Maman Sadiq: A auno mini tsawon yaron da faɗin kafaɗarsa.

Baban Hanifa: Zan auno in Allah ya kai mu gobe. Injiniya, yana tambaya: kakin zuma ya yi tsada a nan, in ya narkar da kyandir ya yi turakun da shi, zai lanƙwashe ko ɗiga kawai zai yi?

Injiniya: Kyandir zalla ɗiga zai yi kuma yana karyewa. Ya sa siririyar waya mai laushi a tsakiya, ya yi turakun sirara, ya shafa musu toka da ɗan ruwa don su yi kalar ƙarfe. Kuma kada ya kusanto da wuta da kansa, kai ka riƙe, yaran su tsaya nesa, da bokitin ruwa a kusa.